Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa ga Masu Makarantun Renon Yara na Garwa Kan Gasar Haddar Wasan Kwaikwayo da Alƙalancin Finafinai

Zuwa ga masu makarantun renon yara masu zaman kansu na garin Garwa, da daraktocinsu, da shugabannin ƙungiyoyin iyaye da malamai na waɗannan makarantu.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kuna lafiya tare da iyalanku da malamanku da ɗaukacin yaran da aka ba ku amanarsu, ina roƙon Allah ya saka muku da alheri a kan ɗawainiyar da kuke yi, domin duk wanda ya taɓa yini da yara 'yan shekara huɗu cike da ɗaki ya san aikin ba na rago ba ne. Ni tsohuwar malamar firamare ce da ta ajiye alli, kuma kaka ce ga wasu daga cikin yaran da ke azuzuwanku. Ba da yawuna ni kaɗai nake magana ba. Iyaye da kakanni daga Hausare da Yelwa da Fulbere da unguwannin da ke kewaye, waɗanda muka zauna muka tattauna a kan wannan al'amari, su suka ɗora mini nauyin rubuta muku, kuma na rubuta da Hausa ne domin waɗanda suka aiko ni su ji abin da aka faɗa da sunansu, kalma bayan kalma.

Abin da ya jawo wannan wasiƙa shi ne takardar da aka saka wa yaranmu a jaka, wadda ke sanar da mu cewa abin da wasu makarantu suka gwada a bikin ƙarshen shekarar bara zai zama gasa tsakanin makarantu a watan Yuni mai zuwa. Gasar kashi biyu ce. A kashi na farko, yara 'yan shekara 3 zuwa 5 za su hau dandamali su zubo dogayen jawabai da ka daga tsofaffin wasannin kwaikwayo na Faransa. A kashi na biyu kuma za a zaunar da su bayan tebur a matsayin alƙalai, a nuna musu gutsattsarin finafinan Hausa da na Fulatanci, su faɗi wanda ya iya da wanda bai iya ba a cikin manyan 'yan wasa, su ɗaga allon maki. Za a ɗauki bidiyon duka a watsa a Facebook da TikTok, makarantar da nata ya fi samun masu kallo ita ce ta ci. Takardar ta nemi kuɗin kayan wasa, ta faɗi ranar da za a fara bita, amma ba ta nemi ra'ayin kowa ba.

Ranku ya daɗe, mu ba maƙiyan Faransanci ba ne, ba kuma maƙiyan wasan kwaikwayo ba ne. Da muna ƙin boko da ba mu matse bakin aljihu mun kawo muku 'ya'yanmu tun ba su gama iya ɗaura takalmi ba. Damuwarmu ita ce wannan gasa ba domin yaro aka tsara ta ba, domin mai kallo aka tsara ta, kuma yaron ne zai biya kuɗin nishaɗin da manya za su sha.

Zan fara da abin da ake ɗura wa yaran. A bikin bara jawabai biyu aka fi ji. Ɗaya daga wasan Molière ne mai suna L'Avare, wanda aka fara nunawa a Paris a 1668, wurin da tsohon marowaci Harpagon yake kururuwa bayan an sace akwatin kuɗin da ya binne a lambunsa, yana zargin duk wanda idonsa ya faɗa a kai, har ya ƙare da cewa zai sa a rataye kowa, idan kuma kuɗin bai fito ba ya rataye kansa. Ɗayan daga Le Cid ne na Corneille, wasan 1637, inda dattijo Don Diègue na Sifaniya yake kukan tsufan da ya hana shi rama marin da aka yi masa, kafin ya miƙa wa ɗansa takobi ya ce ya je ya wanke masa kunya da jini. Waɗannan manyan ayyuka ne, ni kaina na karanta su ina budurwa, kuma har yau ina ganin darajarsu. Sai dai manya aka rubuta wa su, a kan ciwon manya: rowa, tsufa, kishin mutunci, ramuwar gayya. Faransancinsu na ƙarni na 17 ne, wanda ko ɗalibin sakandare sai malami ya tsaya ya warware masa, na Corneille kuwa baitoci ne masu gaɓa goma sha biyu, da kalmomin da ba wanda zai furta su a kasuwar Garwa ko a ofis a Yawunde. Ina tambayarku da girmamawa, wane uba ne zai yarda a koya wa ɗansa mai shekara huɗu ya tsaya gaban jama'a ya ce zai rataye kansa, da a ce da Hausa ko Fulatanci yaron zai faɗa? An yarda ne kawai saboda yawancinmu ba mu ji abin da ke fita daga bakin yaron ba, shi ma kuma bai ji ba.

Jikana na cikin waɗanda suka hau dandamali bara, a wata makarantar da ba zan ambata ba, domin laifin ba nata ba ne ita kaɗai. Dattijon da aka mara aka ba shi. An manna masa gemun auduga da gam, an ɗaura masa takobin kwali da ya kusa tsawonsa, aka tura shi gaban abin magana da aka karkato ƙasa. Ya fara da ƙarfinsa yana kaɗa kai irin na mai tilawa, ya yi layi huɗu ko biyar, sai gemun ya ɓantare ta gefe ɗaya ya rataya a haɓarsa. Wurin ya ɗauki dariya, wayoyi suka tashi sama. Yaron ya tsaya yana neman fuskar uwarsa a cikin taro, ya koma farkon jawabin saboda bai san hanyar shiga ta tsakiya ba, ya sake maƙalewa a wuri ɗaya, aka sake dariya fiye da ta farko. Mutanen da suka yi dariyar ba mugaye ba ne, abin ne aka shirya shi don ya ba da dariya. Amma ni na ga hannunsa yana rawa a kan takobin kwalin, kuma ni na ga yadda ya daɗe bayan nan ba ya yarda ya buɗe baki idan baƙi suna gida. Wannan yaron da ya haddace kukan dattijon Sifaniya da baitocin Faransa, ranar da cikinsa ya murɗa a aji bai iya gaya wa malamarsa, wadda suke kira Tata, abin da ke damunsa ba, sai da aka kira 'yar aji mai jin Hausa ta fassara. Faransancin da yake bukata ke nan: ya iya neman ruwa, ya iya cewa zai zaga, ya san sunan launi da adadi, ya iya ba da labarin abin da ya gani a hanya. Lokacin da ya kamata a ba wannan shi aka kwashe aka ba Corneille.

Na san amsar da wasunku ke bayarwa, domin an ba ni ita ido da ido, kuma ta cancanci a tsaya a kanta. Ana cewa ai mu ma muna kai yaro makarantar allo tun yana ƙarami ya haddace abin da bai san ma'anarsa ba, to mene ne bambanci? Hadda a kanta ba laifi ba ce, ƙwaƙwalwar yaro tana kama sauti da kari fiye da ta babba, kuma duk malamin kirki yana amfani da wannan baiwa. Amma ku dubi yadda ake yi a makarantar allo. Yaro yana farawa da Fatiha da gajerun surori, aya ɗaya ko biyu, ba a wanke masa allo sai ya riƙe. Abin da ya haddace zai ji shi a bakin uwarsa da ubansa kowace rana, zai tsaya da shi a salla sau biyar a yini har ƙarshen ransa, ma'anar kuma tana zuwa ta same shi a hankali yayin da yake girma, saboda yana rayuwa a cikin mutanen da ke aiki da ita. Ibada ce, kuma kowa ya san ibada ce, shi ya sa idan yaro ya yi tuntuɓe a karatu ake gyara masa, ba a tara jama'a su yi masa dariya. Jawabin Harpagon kuwa ba wanda zai sake nemansa a bakin yaron bayan an kashe lasifika. Ba ya haɗuwa da komai a gidansu, ba ya haɗuwa da darasin gobe, zuwa Satumba ya zube. Abin da ke saura shi ne darasin da ba a yi niyyar koyarwa ba, wato cewa makaranta wuri ne da ake faɗin abin da ba a fahimta ba don a samu tafi. Na koyar da 'yan aji biyar da shida shekaru masu yawa, na san wahalar cire wannan ɗabi'a daga yaron da ya saba da ita: zai karanta maka shafi guda ba gargada, ka tambaye shi wa ya yi me, ya sunkuyar da kai. Manomin auduga a ƙauyukanmu ba ya ɗaura wa ɗan maraƙi garma don ya ga yana da ƙafa huɗu kamar babban sa, yana jira ƙashinsa ya yi ƙwari.

Kashi na biyu, na alƙalanci, shi ya fi tayar wa dattawanmu hankali, kuma ina ganin suna da gaskiya. A bara an ba yara alluna masu maki bisa 20, alhali da yawansu ba su iya ƙirga zuwa 20 ba. Duk wanda ya zauna kusa da dandamali ya ga malama a durƙushe bayan tebur tana raɗa musu abin da za su ce. Aka nuno wani dattijon ɗan wasa yana kuka a fim, wata yarinya ta ce wannan tsoho bai iya kuka ba, ta ɗaga sifiri, wuri ya kaure da shewa. Maganar ba tata ba ce, babba ne ya tsara ta ya saka a bakinta saboda ya san rashin kunya a bakin ƙaramin yaro yana sayuwa. Yarinyar dai abin da ta koya a ranar shi ne idan ta ƙasƙanta mai furfura za a yi mata tafi. Ba a yi mako ba iyaye suka fara kawo ƙara iri ɗaya daga gidaje daban-daban: yaro ya dubi kakansa yana alwala ko uwarsa tana tuƙin tuwo ya ce sifiri, yana jiran a yi dariya kamar yadda aka yi a makaranta. A gidajenmu ana koya wa yaro ya durƙusa ya gaida babba, ba ya kiran sunan sa'an ubansa gatsau, ba ya tsoma baki idan manya na magana. Kuna iya ganin wasu daga cikin waɗannan al'adu sun yi tsauri, a zauna a tattauna, amma ba ku da hurumin rushe su a bayan idonmu da kuɗin da muka biya.

An ce manufar ita ce a koya wa yaro faɗin ra'ayinsa ba tare da tsoro ba. Manufa ce mai kyau, muna goyon bayanta. To amma ra'ayin yaro ana samunsa ne idan an tambaye shi abin da ya sani. Ku ba shi tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi, ku tambaye shi ko abin da Gizo ya yi daidai ne, ku ji yadda zai cika ku da hujja, har ya yi gardama da ɗan'uwansa. Wannan ra'ayinsa ne na gaskiya. Auna ƙwarewar ɗan wasa kuwa aiki ne da ke bukatar a san rayuwar da ake kwaikwaya, a san baƙin cikin da ake nunawa, a ga wasanni da yawa har a iya kwatantawa. Yaron da har yanzu yake zaton mutumin da aka kashe a fim ya mutu da gaske, yana tambaya yaya aka yi ya dawo a wani fim ɗin, ba shi da ma'aunin da zai yi wannan aiki.

Akwai kuma haƙƙin su 'yan wasan, wanda ban ji wani ya ambata ba. Mutane ne masu iyali da 'ya'ya da surukai, sana'arsu ke nan. Wasunsu na Kano ne da Kaduna da Jos, wasunsu kuwa namu ne na nan Garwa da Marwa da Ngaundare, matasa da dattawa da ke haɗa fim da ɗan abin hannunsu, muna haɗuwa da su a masallaci da wurin suna. Bidiyon da aka sa a intanet ba ya tsayawa a bakin Binuwai, kafin gari ya waye ya kai Yola da Kano da Njamena. Yaya za ku ji idan aka nuna wa duniya yaran wani gari suna ba ku sifiri a aikinku, 'ya'yanku na kallo? Manya suna da damar sukar fim, kuma sukar mai ilimi gyara ce ga sana'ar. Wanda ke da suka ya fito ya yi da bakinsa da sunansa, kada ya ɓuya a bayan ɗan shekara huɗu.

Sannan kafin yaro ya yanke hukunci sai ya kalla, kuma sai ya maimaita kallo. Finafinan da ake yanko musu ba na yara ba ne: rikicin kishiyoyi, saki, mari, waƙoƙin soyayya. Ko a Kano, inda masana'antar finafinan Hausa ta soma da fitowar fim ɗin Turmin Danya a 1990, sai da gwamnati ta kafa hukumar tace finafinai a 2001 don duba abin da ya dace a nuna wa jama'a, manyansu ma. Hukumar Lafiya ta Duniya kuma, a jagorar da ta fitar a 2019, ta ce yaro ɗan shekara 2 zuwa 4 kada zaman kallon allon waya ko talabijin ya wuce masa awa ɗaya a yini, in ya gaza haka ya fi, tana kuma so ɗan shekara 3 zuwa 4 ya samu motsa jiki na aƙalla minti 180 da barcin awa 10 zuwa 13. Iyaye da yawa suna fama su raba yaro da waya a gida, sai ga shi ya dawo yana cewa Tata ce ta ce ya kalla, aikin gida ne.

Maganar bidiyo kuwa gajeriya ce amma nauyinta ya fi na sauran. Ba a tambaye mu ba kafin a watsa fuskokin yaranmu bara, da rigar makaranta mai ɗauke da sunanta, wani lokaci har da sunan yaron a rubuce a ƙasa. Duk wanda ya ga dama ya san inda wance take yini da lokacin da take tashi. An yanko wurin da yara suka yi kuka ko suka ɓata, an saka masa kiɗa, baƙin da ba mu sani ba suna sharhi a ƙasa, wasu da kalmomin da ba zan maimaita ba. Yarinyar da ta ba dattijo sifiri za ta girma, za ta shiga sakandare, za a zo neman aurenta, bidiyon yana nan. Kamaru ta amince da Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan Haƙƙin Yara ta 1989 tun a 1993, wadda sashenta na 3 ya ce maslahar yaro ita ce kan gaba a duk abin da ya shafe shi, na 16 ya kare sirrinsa da mutuncinsa, na 31 ya tabbatar masa da haƙƙin hutu da wasan da ya dace da shekarunsa. A watan Yulin 2023 kuma ƙasarmu ta yi doka ta musamman kan kare yara a intanet. Ba mu kawo wannan don barazana ba, mun kawo ne don ku san abin da muke nema ba son rai ba ne. Idan kuma nasara a gasar ta rataya a kan yawan masu kallo, to kowace makaranta za ta nemi abin da ya fi jawo ido, abin da ya fi jawo ido kuwa shi ne tuntuɓen yaro da fitsarar bakinsa.

Ga kuma waɗanda ba a zaɓa ba, su ne ma mafi yawa. A kowane aji yara biyar ko shida ake ɗauka, kusan kullum waɗanda ake yi wa Faransanci a gida. Sauran, 'ya'yan masu Hausa da Fulatanci da sauran harsunanmu, waɗanda su suka fi bukatar malama ta zauna da su, sai a jera su a benci su yi shiru yayin da ake bita da 'yan gata, makonni a jere, a watannin Maris da Afrilu da zafin Garwa ke haura digiri 40. Kuɗin makaranta ɗaya muka biya. Kuɗin kayan wasa kuma, hular gashi da alkyabba da takalmin da ba za a sake sawa ba, ya isa cefanen mako a gidaje da yawa, kuma uwa ba ta iya cewa a'a idan ɗanta ya dawo yana kuka an ce za a cire shi. Ba mu ga laifin malamai mata ba a nan. Mun san albashinsu, mun san suna tsayawa bayan an tashi ba tare da ƙarin ko sisi ba, wasunsu ma sun gaya mana a asirce ba da son ransu suke yi ba.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne yaranmu 'yan wasan kwaikwayo ne tun kafin su zo hannunku, ba wanda ya koya musu. Ku leƙa kowane tsakar gida da yamma: yarinya ta goya 'yar tsana tana rarrashinta da muryar uwarta, an girka tuwon ƙasa a gwangwani ana rabo, yaro ya hau dokin kara ya zama sarki, ƙanensa na bayansa yana yi masa kirari. Idan azumi ya kai kwana goma 'yan tashe su fito, wannan ya zama tsoho da gemu, wancan ya zama mai magani, kowa ya san abin da yake kwaikwaya da abin da ake yi wa dariya, shi ya sa ko gemunsa ya faɗi shi ma dariya yake yi. Akwai gaɗa, akwai kacici-kacici, akwai tatsuniyoyi masu waƙa a ciki da yara ke amshi. 'Yan'uwanmu Fulani da sauran ƙabilun wannan jiha kowa na da irin nasa. Wannan shi ne tushen da za a ɗora Faransanci a kai. Hukumar UNESCO tun 1953 take cewa harshen uwa ne ya fi dacewa a fara karantar da yaro da shi. Kundin tsarin mulkinmu na 1996 ya ɗora wa ƙasa karewa da bunƙasa harsunan gida, dokar tsarin ilimi ta 14 ga Afrilu 1998 kuma ta ce manufar makaranta ita ce samar da ɗan ƙasa mai saiwa a al'adarsa wanda kuma ya buɗe ido ga duniya. Saiwar aka fara ambata. Kuma watan da kuka zaɓa don gasar shi ne watan da ake tunawa da Ranar Yaran Afirka, 16 ga Yuni, wadda asalinta ɗaliban Soweto ne na Afirka ta Kudu da suka fito a 1976 suna ƙin a karantar da su da harshen da aka tilasta musu.

Saboda haka, ranku ya daɗe, ga abin da muke roƙo. Muna roƙon a soke kashin alƙalanci gaba ɗaya, ba gyara ba, ba ragewa ba, domin ba mu ga siffar da za a ba shi ya zama alheri ga yaro ba. Muna roƙon a cire bidiyon bara daga shafukan makarantu, kuma daga yau kada a ɗauki hoton yaro don watsawa sai da amincewar uba ko uwa a rubuce, bayan an karanta musu takardar da harshen da suke ji, tare da tabbacin cewa wanda ya ƙi ba za a ware ɗansa daga biki ba. Yawan masu kallo kada ya sake zama ma'aunin cin gasa a abin da ya shafi yara ƙanana.

Bikin kansa muna son a yi shi, yara suna ɗokinsa, mu ma haka. Amma a yi shi da abin da ya yi daidai da bakinsu: gajerun waƙoƙi da wasanni na Faransanci da Ingilishi mai sauƙi da suka san ma'anarsu, tatsuniya da aka mai da wasa da Hausa ko Fulatanci ko wani harshen da ke ajin, kowane yaro ya samu abin da zai yi ko da amshi ne, da kayan da ke gida, zanen uwa da hular uba. Bita ta kasance cikin lokacin makaranta, da safe kafin rana ta take, kada kuma ta cinye darasi. Kakanni da yawa a cikinmu sun ce a shirye suke su zo aji su ba da tatsuniya kyauta idan kun buɗe ƙofa, kuma muna da yaƙinin 'yan wasan garin nan za su amsa gayyata su zo su nuna wa yara yadda ake sauya murya da tafiya, yaran su gaishe su a matsayin baƙi masu daraja. Molière da Corneille a bar su ga 'yan sakandare, tare da marubutanmu na gida irin su Guillaume Oyônô-Mbia, a lokacin da ɗalibi zai ji abin da Harpagon ke cewa ya gane marowacin unguwarsu a cikinsa.

A ƙarshe muna roƙon shugabannin ƙungiyoyin iyaye da malamai su kira taro a kowace makaranta kafin ranar da aka sa don fara bita, a yi shi da tafinta, a ranar da iyaye mata za su iya halarta, kuma a dakatar da karɓar kuɗin kayan wasa har sai an zauna. Waɗanda suka riga suka biya a riƙe musu rasiɗinsu. Idan kuna ganin akwai abin da muka fahimta ba daidai ba game da tsarin gasar, taron ne wurin da za ku warware mana, za mu saurara da kunnen basira. Za mu aiko da wakilai uku, mata biyu da namiji ɗaya, su kawo wa kowane darakta kwafin wannan wasiƙa da fassararta ta Faransanci hannu da hannu a cikin wannan mako, muna kuma sa ran jin ranar taron daga gare ku.

Allah ya raya mana yaran nan, ya ba ku ikon sauke amanarsu. Wassalamu alaikum.

Taku cikin girmamawa,
Tsohuwar malamar firamare, a madadin iyaye da kakannin yaran makarantun reno,
Garwa, Jihar Arewa, Kamaru.